Ɗora Bangon Katako a Kan Ginin Bulo

Kowace shekara, da hadarin farkon damina ya taso daga gabas, wajen watan Afrilu ko Mayu, akan wayi gari a iske rufin wani gida a kwance cikin gonar maƙwabci, kwano da katako duka, ginin kuwa yana tsaye ko bulo ɗaya bai faɗi ba. Jama'a sukan ɗora wa iska laifi. Amma in an duba sosai, sau da yawa akan tarar ba a ɗaure katakon da ginin ba tun farko.

Wannan magana ta fi shafar mai gidan da ya yi niyyar ɗaga rufinsa don ya sami wurin ajiya, ko ƙaramin ɗaki, tsakanin silin da kwano. In an ɗaga rufi, lalle ne a rufe gefunansa biyu da bango mai kusurwa uku, wanda ya tashi daga kan gini ya tsuke har ƙololuwa. Akan yi shi da katako domin bai da nauyi, tsohon gini yana iya ɗaukarsa. To, rashin nauyin nan shi ne haɗarinsa, gama abin da bai danne gini ba iska ba ta shan wahalar ɗaga shi.

Kafin kafinta ya taɓa zarto, sai birkila ya hau ya duba kan ginin. In bulon sama ya tsage, ko yana marmashewa a hannu saboda an yi rowar siminti, a cire shi, a zuba linta ta kankare da rodi, ta zagaye ɗakin. Tun kankaren yana ɗanye ake dasa ƙusoshi masu noti, masu kaurin rabin inci, a bar kamar ƙafa 4 tsakaninsu. Inda ba a sami waɗannan ba, a yi da langalanga, a cusa shi ƙarƙashin layin bulo na uku daga sama, a lanƙwaso shi bisa katako a buga. Ƙusa da aka buga cikin bulo kawai ba ta riƙe kome. Ginin ƙasa kuwa ba ya riƙe noti, sai dai a huda bango can ƙasa, a zura waya mai kauri a ɗaure.

Sa'an nan a kwantar da katako na farko bisa linta, a huda shi, a ɗaure da noti. Kada ya zauna a kan siminti tsirara, a sa leda mai kauri ko takardar kwalta a tsakani, domin gini yana tsotson ruwa da damina, katako kuwa in ya jiƙe ruɓewa yake yi, gara kuma ta sami abinci. Azara ta giginya da magina na dā suka saba da ita gara ba ta cika damunta ba. Farin katako na kasuwa ba haka yake ba, sai an shafe shi da maganin gara, har bakin da aka yanka da zarto, wanda shi ne aka fi mantawa da shi.

A bisa wannan katako ake kafa na tsaye, irin wanda kafintoci ke kira tubaifo, watau inci 2 da inci 4, a bar ƙafa 2 tsakani. Bango irin wannan ba ya tsayawa shi kaɗai. Dole a tokare shi daga ciki da katako a karkace, a haɗa shi da katakan rufi, musamman gefen da ke fuskantar gabas. Can sama a bar 'yar taga don zafi ya fita, a sa mata ragar waya saboda jemagu.

Har wa yau, katakan da ke riƙe silin ba a yi su don ɗaukar kaya ba. Buhun masara ɗaya kilo 100 ne, mai ajiye goma kuwa ya ɗora tan guda bisa kan iyalinsa. Wanda ke nufin ajiya irin wannan sai ya nemi injiniya ya ƙayyade masa kaurin katakan da za a shimfiɗa.

Ɗanyen katako yana tsukewa da hunturu, noti ya saki. Saboda haka a watan Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa, mai gida ya sa a hau da sifana a sake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya.