Amsar Wasiƙunku: Mujiyar Kan Tsamiya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Rimin Gado, can kan hanyar Gwarzo. Ya ce wata 'yar mujiya mai farar fuska da jajayen idanu ta tare a tsamiyar bayan gidansa, dab da rumbuna. Kullum dare sai ta yi kuka, maƙwabta kuwa sun matsa masa ya sare bishiyar, wai mutuwa take kira. Shi ne yake tambaya, ya sare ko ya bari?

To Malam, kada ka sare. Ajali na hannun Allah, tsuntsu bai san ranar kowa ba. Kukan nan da kake ji, galibi namiji ne ke kiran matarsa, ko yake shaida wa 'yan'uwansa cewa wurin nan da mai shi.

Yadda ka siffanta ta, tana cikin ƙananan mujiyoyi, tsawonta kamar inci 10. Ba ta gina sheƙa. Tsohuwar sheƙar wani tsuntsu take samu, ko kogon itace, ta saka ƙwai 2 ko 3, ta kwanta a kansu kamar kwana 30. Da rana sai ta lafe jikin reshe, in ta hango abin tsoro ta tsuke jiki ta miƙe, ka rantse busasshen itace ne. Kuma ba gaskiya ba ne wai ba ta gani da rana. Tana gani sarai, tsangwamar tsuntsaye take gudu.

Me ya kawo ta gidanka? Abinci. Ɓera take ci, da fara, da kunama. Gashin fiffikenta taushi gare shi, ba ya ƙara, sai dai ɓera ya ji an sure shi. In kana son shaida, duba gindin tsamiyar da safe, za ka ga 'yan curi-curi da ta amayar. Fasa ɗaya da tsinke, ka ga gashi da ƙasusuwan ɓera. Kira maƙwabtan su gani da idonsu. Ɓeran nan dawarka da gyaɗarka ya zo ci.

Abu biyu zan roƙe ka. Ka tsawata wa yara masu danƙo. In kuma ka sa maganin ɓera, ka riƙa binne mushen, domin in ta kama wanda ya ci guba ita ma tana iya mutuwa, ka yi asarar mai gadin da ba ya karɓar ko kwabo.