Ƙibar yaro ba shaidar lafiya ba ce: jawabi ga matasa



A Nijar in aka ce ciwon yara, tamowa muke tunawa, kuma da gaskiyarmu. To amma yau wata matsala na kawo muku, wadda likitoci ke kira sandirom metabolik. Abubuwa biyar ne: kitse a ciki, hawan jini, yawan sukari a jini, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kolesterol mai amfani. In uku suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ya kama hanyar ciwon sukari da ciwon zuciya.

Kar ku ce ai wannan na tsofaffi ne. Wani bincike da ya fito a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2020, kusan yara 3 cikin 100 da matasa 5 cikin 100 a duniya suna da shi, sama da miliyan 60 ke nan. Hukumar OMS ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na ƴan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya sha tamowa yana ƙarami, in ya girma ya faɗa cin maiƙo da zaƙi, haɗarinsa ya fi na wanda bai sha ba. A Maradi da Damagaram, gida ɗaya na iya samun duka biyun.

Mu dubi kanmu. Shayin fada sau uku, sukari kamar a kyauta. Gwangwanin lemo guda ya haura gram 30 na sukari, alhali OMS ta fi son kar a wuce wajen gram 25 a yini. Tafiyar minti goma, sai kabu-kabu. Awa ɗaya ta motsa jiki da ake so yaro ya samu kullum, waya ta cinye.

Ciwon nan ba ya zafi da farko, shi ya sa yake yaudara. Don haka mu nemi a riƙa auna nauyi da hawan jini a makarantu, ma'aikatun magajin gari su daina yanka filayen ƙwallo suna sayarwa. Mu kuma a fadarmu, mu rage sukarin, tun da ƙannenmu mu suke kallo.

Allah ya ba mu lafiya.