Wutar Sola a Gidajenmu na Madachi: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?



Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin 'ya'yanmu mazauna birane. Tambayar ita ce: idan mutum ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya sa wa iyayensa wutar sola a gida, riba ya ci ko asara ya yi? Mu ba injiniyoyi ba ne, malaman makaranta ne da suka ajiye alli. Sai dai a kwalejin horon malamai an horar da mu cewa duk tambayar da ta shafi kuɗi, a allo ake warware ta. Don haka lissafi za mu yi tare da ku yau, kamar yadda muka saba yi da waɗansunku a aji shida.

Kafin lissafi, ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Mu da muka yi karatun dare da aci-balbal da fitilar ƙwai mun ga zamanin NEPA, mun ga an sauya mata suna zuwa PHCN a 2005, mun kuma ga an miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO a 2013. A duk tsawon wannan lokaci, abin da ya riƙe ƙauyukan Rano da Kibiya da dare shi ne ƙaramin janareta da fetur mai araha. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Oktoban wannan shekara ta 2024 ne kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka lalace. Tun daga lokacin ne maganar sola ta tashi daga sha'awar masu hali ta koma buƙatar kowa.

To, mu je allo. Mu ƙaddara gidan Baba yana kunna ƙaramin janareta daga magariba zuwa ƙarfe goma, yana shan lita ɗaya da rabi kowane dare. Mu ƙaddara lita naira 900, kowa kuma yana iya sa farashin da ya tarar a gidan mai. Kullum naira 1,350 ke nan, a wata 40,500, a shekara 486,000. Ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa kuɗin mai gyara ba, ba mu sa kuɗin babur zuwa Rano sayen mai ba. Da yawa daga cikinku ku ne kuke aiko da wannan kuɗi, sai dai yana fita ne a gutsure, shi ya sa ba ku jin nauyinsa. Yanzu mu ƙaddara an yi muku kuɗin haɗa sola mai ɗaukar wannan gida a kan naira 1,200,000. Ku raba wannan da 486,000, za ku ga cikin shekara biyu da rabi kuɗin ya dawo. Abin da ya biyo baya riba ce, tare da hutawa daga ƙara da hayaƙi, wanda kowa ya san yana kashe mutane idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki ko zaure.

Amma wannan lissafi yana da sharaɗi, kuma a nan ne mutane suke tuntuɓe. Ribar sola daga fetur ɗin da aka daina saye take fitowa. Gidan da ba ya kunna janareta sai da salla ko ranar suna, babu wani fetur da zai daina saye, saboda haka naira miliyan ɗaya a kan rufinsa ba za ta dawo ba ko da an shekara goma. Irin wannan gida abin da ya dace da shi ƙaramar na'ura ce mai ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya, irin wadda kamfanoni kamar Sun King suke sayarwa, har ma a kan biya kaɗan-kaɗan. Sai dai mai biya kaɗan-kaɗan ya tara jimillar abin da zai biya tukuna, domin takan ɗara ta mai biya nan take.

Mu ɗan tsaya a kan kayan da kansu. Abu huɗu ne: farantin da ke karɓar hasken rana, na'urar da ke daidaita caji, batir, da inbata mai mayar da wutar batir irin wadda kayan gida suke amfani da ita. Idon mai saye a kan farantin yake, domin shi ake hange daga hanya, shi ne kuma maƙwabta suke yabawa. Alhali kuwa farantin shi ne mafi ƙarancin rigima. Farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, saboda yadda ƙasar Sin ta mamaye ƙera shi, kuma mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Rana kuwa Allah ya wadata mu da ita. A ƙasar Kano ana samun kimanin awa biyar zuwa shida na cikakken haske a matsakaicin yini, abin da Jamus da Ingila ba sa samu. Can a Turai ma, tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya tsadar da gas a 2022, muhawararsu ta haɗa da na'urar ɗumama gida, wadda mu ba ruwanmu da ita. Sanyinmu na 'yan makonni ne, bargo ya ishe shi.

Inda kuɗi yake nutsewa shi ne batir. Batir mai ruwa, wanda aka fi sani, idan an rubuta masa 200Ah a kan bolt 12, wutar da ke cikinsa wat 2,400 ce ta awa ɗaya. Amma rabin wannan kawai aka yarda a sha. Wanda yake tatse shi ƙarƙaf kowane dare yana rage masa kwana ne da hannunsa. Zafi ma maƙiyinsa ne, ga shi mu kuma mukan ajiye shi a ɗakin kwano wanda a bazara mutum ba ya iya zama cikinsa da azahar. Shi ya sa batirin da aka ce zai yi shekara huɗu ko biyar yake mutuwa a shekara biyu. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana shan fiye da kashi 80 na wutarsa, ba a zuba masa ruwa, kuma nagari yakan kai shekara takwas zuwa goma. A ganinmu, wanda kuɗinsa bai kai ga babban litiyam ba, gara ya sayi ƙarami ya rage kayan da zai ɗora masa, da ya cika ɗaki da tsofaffin batura da aka wanke aka sake musu takarda. Araha ba ta ado. Kuma tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, jabu kuma ya samu kasuwa.

Yaya za a san girman abin da ya dace? A ɗauki takarda a zagaya gida. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa biyar, 300 ke nan. Fanka biyu masu wat 60, awa takwas, 960. Talabijin mai wat 60, awa huɗu, 240. A ƙara 50 na cajin wayoyi. Jimilla 1,550 a yini. Faranti ɗaya mai wat 400, bayan an cire abin da zafi da ƙura da waya suke ci, kusan 1,500 yake bayarwa a rana mai kyau. Ke nan faranti biyu sun wadatar, har da ajiya saboda gajimaren Agusta. Wannan lissafin ɗan aji shida ne, amma mun sha ganin masu digiri sun tsallake shi, sun bar mai sayarwa ya yanke musu hukunci.

Sai kuma a zaunar da mutanen gida a yi musu bayani, musamman matasa da amare. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, wato abin da ƙwai 100 suke ja a lokaci guda. Hitar dafa ruwa ma haka take, ko ta fi. Sau da yawa labarin da ke isa birni shi ne “solar nan ba ta da kyau”, alhali wani ne yake goge kayan Juma'a da ita da asuba, lokacin da batir ya kwana yana aiki. Gawayi yana nan, a ci gaba da guga da shi.

Akwai kuma ɗawainiyar yau da gobe. A kafa faranti yana fuskantar kudu, a ɗan karkace, nesa da inuwar darbejiya, domin inuwar reshe ɗaya tana iya rage ƙarfin faranti gaba ɗaya. Da hunturu ƙura takan rufe shi cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa share shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. A ɗaure shi da ƙarfe sosai saboda iskar farkon damina da kuma masu dogon hannu. Duk waɗannan ba su da wuya, amma suna buƙatar mutum. Ku kuwa kukan zo hutun salla da mai haɗawa daga Kano, a kunna wuta, a yi murna, a ɗauki hoto, washegari ku kama hanya. Wa aka bar wa amana? Baba mai shekara saba'in ba zai hau rufi ba. Duk wanda zai sa sola a gida, to ya ambaci sunan yaro ɗaya a gaban kowa, ya koya masa karanta lambobin da ke jikin inbata, ya kuma riƙa yi masa ɗan ihsani. Sa'annan daga cikin kuɗin fetur da aka huta da saye, ya ware kashi ɗaya cikin uku kowane wata domin ranar da batir zai gaji. Ranar tana zuwa, ko an shirya mata ko ba a shirya ba.

Game da gidajenku na birni, maganar gajeriya ce. Wanda aka sa a rukunin A, inda aka ɗaga kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, ya ɗauko takardun biyansa na shekara ya yi irin lissafin da muka yi. Ɗan haya kuma ya nemi yardar mai gida a rubuce cewa zai tafi da kayansa ranar da zai tashi.

Yanzu ga abin da muka fi so shugabannin ƙungiya su saurara. Wurin da sola ta fi biyan kuɗinta shi ne aikin da ake yi da rana tsaka, domin a nan ba a buƙatar batir ko kaɗan. Rijiyar burtsatse mai sola tana tura ruwa sama cikin tanki tun hantsi har la'asar, tankin nan shi ne ma'ajiyarta, kuma tanki ba ya mutuwa a shekara biyu. Haka injin ban-ruwa ga masu noman rani. Duk wanda ya bi ta Kadawa ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsawa, ya san yadda fetur yake cinye ribar mai tumatir da albasa. Manyan ayyuka ma wannan rana suka dogara da ita: Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, aka kuma buɗe wata mai megawat 10 a Challawa a farkon 2023. Idan ƙungiya tana da abin da za ta kashe, mu a ra'ayinmu ruwan sha ne farko, sai ɗakin haihuwa da firjin ajiye allurar rigakafi, sai ajin da ɗalibai masu shirin jarrabawa za su yi karatun dare. Fitilun kan titi suna da kyaun gani ranar buɗewa, amma kowace sanda da batirinta, kuma kowa a nan ya taɓa wuce layin irin waɗannan sanduna da suka daina ci, babu mai tambaya.

Roƙonmu ga wannan zama guda biyu ne, muna kuma fata sakatare zai sa su cikin rahoto. A zaɓi matasa huɗu daga cikin waɗanda suka gama sakandare, a tura su Kano koyon haɗa sola da gyaranta na wata shida a kan kuɗin ƙungiya, bisa alkawarin za su dawo su zauna a gari, domin kada fis na naira ɗari biyar ya riƙa kashe wutar gida wata guda ana jiran mai gyara. Sa'annan masu niyyar saye a bana su rubuta sunayensu wurin ma'aji kafin a watse, a haɗu a saya wuri ɗaya, da rasit da garanti a rubuce, a kuma gwada kowane faranti da mita a gaban wakilinmu kafin a ɗora shi a mota.