Katangar Kurkuku Ba Ta Tare Cuta

A kan hanyar Jidda zuwa Makka akwai wani wuri da ake kira Shumaisi, inda hukumomin Sa'udiyya ke tsare baƙin da ba su da takardar izinin zama, kafin a mai da su ƙasashensu. A cikinsu har da Hausawan Nijeriya da Nijar waɗanda suka je Umra ko neman aiki suka zarce. Waɗanda kotu ta ɗaure kuwa, akan kai su gidajen yari. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, jaridar Sunday Telegraph ta Ingila ta ba da labarin cunkoson da 'yan Afirka suka sha a Shumaisi.

Ko'ina a duniya, cunkoso shi ne abokin cuta. Tarin fuka yana bin iska, saboda haka mutum ɗaya in yana tari a ɗakin da ba taga, sai ya shafa wa saura. Ciwon hanta da ƙanjamau kuwa suna bin jini, ta hanyar aron reza ko allura, ko kuma ta saduwa tsakanin maza, wadda wani lokaci tilas ake yi wa mai rauni. Kunya da tsoron hukunci kan hana wanda abin ya shafa zuwa wurin likita, balle ma baƙo, wanda ya san Sa'udiyya na korar baƙin da aka samu da ƙanjamau.

A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa cikin fursunoni miliyan 10.2 na duniya, kashi 3.8 cikin ɗari suna da ƙwayar ƙanjamau, kashi 2.8 kuma suna fama da tarin fuka.

To, ina ruwan wanda ke waje? Ai yawancin ɗaurarru gida za su koma. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, in an katse shi cutar na iya gagarar magani. Ƙa'idojin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce likita ya duba kowane fursuna da zarar an shigo da shi, a kuma kula da lafiyarsa kamar ta kowa. Saura kuma duk wanda ya sauka Kano ko Yamai daga tsare, ya fara zuwa asibiti a gwada shi, domin kare matarsa da 'ya'yansa.