Matsayin Tumaki da Awaki a Dukiyar Dabbobin Nijeriya: Jawabin Kwamitin Kasuwanci a Taron Ƙungiya, Akinyele



An ɗora mana mu yi magana a kan tumaki da awaki, kuma mun san akwai dattawa a nan da za su ce, "Mu da muka gaji cinikin shanu, me ya haɗa mu da akuya?" To, Alhaji, a yi mana haƙuri a saurara.

Tun da aka kafa Sabo a 1916, da shanu da goro aka san Bahaushe a Ibadan. Shanu su sauko daga Arewa, goro ya hau. Duk tsarinmu a kan sa aka gina shi: fatake su kawo, maigida ya sauke su ya tsaya musu, dillali ya nemo mahauci, a ba da bashi bisa amana, a ci la'ada. Mai awaki kuwa a gefe yake rakuɓewa, ba a ma cika kiransa taro ba.

Yanzu ga abin da lissafi ya nuna. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta sa an ƙidaya dabbobin ƙasar nan, da jirgin sama da kuma bin ƙauyuka. An sami shanu kimanin miliyan 13.9, tumaki miliyan 22.1, awaki miliyan 34.5. Watau in aka haɗa jinsin uku, kashi 80 cikin ɗari tumaki ne da awaki. Kowace saniya guda, akwai ƙananan dabbobi huɗu a gefenta. Da aka sake yin ƙiyasi a 2011, sai aka sami shanu miliyan 19.5, tumaki miliyan 41.3, awaki miliyan 72.5. Rabon ƙananan ya haura kashi 85 cikin ɗari, saniya guda ga ƙanana kusan shida. Cikin shekara 21 awaki sun ninka har da ɗoriya, shanu kuwa ko rabin yawansu ba su ƙara ba. Ba mu manta ba, sa guda ya kai awaki bakwai a nauyi, don haka sa bai sauka daga girmansa ba. Amma kowa ya ga inda ƙidaya ta karkata.

Me ya kawo haka? Na farko fari. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ya yi wa garke. Ga kuma ciwon bushiya da ya ɓarke a 1983 ya yi wa shanu mummunar ɓarna. Mutumin da ya rasa garkensa ba da saniya yake farfaɗowa ba, da akuya yake farawa. Saniya sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari, cikinta wata tara, ɗa guda. Akuya cikinta wata biyar, ga tagwaye, kuma in ciyawa ta ƙare sai ta miƙa wuya ta ci ganyen itace.

Na biyu, daji ya ƙare. Gonaki sun cinye burtali da makiyaya, ga satar shanu da ta addabi Zamfara da Katsina da sauran wurare. Shanu suna son fili, rago kuwa turke a bayan ɗaki ya ishe shi, da harawa da dusa. Shi ya sa kiwon ya koma hannun mata da yara a cikin gida. Akuya ita ce bankin talaka: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, kayan ɗakin yarinya, duk daga turke suke fitowa.

Na uku, masu saye. Mu da ke Kudu mun fi kowa sani. Maƙwabtanmu Yarbawa Musulmi ba sa wasa da ragon Babbar Salla, wadda suke kira Ileya. Ga suna, ga biki, ga masu sayar da abinci da kullum sai sun yanka akuya. Iyalin da ba zai iya sayen sa ba yana iya sayen rago. Balami da Uda da 'Yankasa da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, duk suna da masu nemansu a nan.

To 'yan'uwa, in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Kwamiti yana ba da shawara huɗu.

Ɗaya, asarar hanya. Ana cusa dabbobi hawa-hawa a tirela, kwana biyu ba ruwa, a iso Akinyele a sauke mushe. Mu tsayar da ƙa'idar lodi tsakaninmu da direbobi, a kuma riƙa tsayawa ana shayarwa.

Biyu, cuta. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma 'yar'uwarta da ke kama tumaki da awaki, wadda likitoci ke kira PPR, tana nan: zazzaɓi, majina, zawo, sai mutuwa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinta. Mu nemi likitocin Jihar Oyo su riƙa zuwa, mu kuma keɓe sabbin zuwa kwana kaɗan kafin a gauraya su da na turke.

Uku, kada mu dogara ga hanya kaɗai. Mun ga yadda ciniki ya tsaya bayan rikicin Sasa a Fabrairun 2021, mun ga yadda rufe iyakar Nijar a 2023 ya taɓa masu sayo dabbobi daga can. Wanda ya sayi rago tun wata uku kafin Salla ya turke shi a nan, ya haɗa masa dusa da busasshen ɓawon rogo, ba ruwansa da tashin farashin mako na ƙarshe. Wannan sana'a ce da matanmu da samarinmu marasa aiki za su iya, in ƙungiya ta haɗa musu adashi. Sai dai a turke su; akuyar da ta shiga gonar maƙwabci tana iya jawo abin da ya fi kuɗinta, kuma zaman lafiya da masu masaukinmu shi ne babban jarinmu.

Huɗu, a ba masu tumaki da awaki kujera a shugabancin kara, a yi musu rajista, bashinsu ya shiga littafi kamar na shanu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi. In an zo neman sunaye, wanda ba ya cikin littafi ba za a san da shi ba.

Muna roƙon a tattauna waɗannan kafin a tashi, a naɗa waɗanda za su bi su. Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.