Cinikin biri a sama: yadda man tekun Barazil ya cinye jarin jama'a

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin marubutanmu ya gabatar a wani zama na ƴan kasuwa da ma'aikata a Maraɗi. Mun buga shi yadda aka yi shi.)



Da aka neme ni in yi magana a kan hannun jari, na tambayi abin da ya tada maganar. Aka ce mini tun da salula ta shiga aljihun kowa, ba a cika mako ba tare da wani ya turo wa wani saƙo cewa ga kampanin da ya gano man fetur ƙarƙashin teku, jarinsa na araha yau, gobe zai ninka goma. Ni ba dillali ba ne, ban zo da abin sayarwa ba. Labari guda na kawo muku, wanda ya faru a ƙasar Barazil tsakanin 2007 da 2013. Kuma in kun ji na ce dala, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa 5 ba.

A watan Nuwamba na 2007 kampanin mai na gomnatin Barazil, Petrobras, ya ba da sanarwar cewa a wani fili mai suna Tupi, can cikin teku daura da birnin Rio, akwai ɗanyen mai da zai kai ganga milyar 5 zuwa 8, kwance ƙarƙashin wani kauri na gishiri. Ƙasa ta ɗauki zafi. A cikin wannan watan ne gomnati ta shirya gwanjon filayen bincike, amma da ta ga girman abin da aka gano, sai ta janye filaye 41, waɗanda suka fi kowane alamar albarka. Abin da ya rage shi aka yi gwanjo. Wani sabon kampani mai suna OGX, wanda bai fi ƴan watanni da kafuwa ba, ya kwashi filaye 21, galibinsu a ruwa marar zurfi.

Mai kampanin shi ne Eike Batista. Ɗan babban gida ne: mahaifinsa, Eliezer Batista, ya taɓa riƙe ministan ma'adinai, ya kuma shugabanci katafaren kampanin ƙarfe na Vale do Rio Doce. Shi Eike ya fara tara dukiya da haƙar zinariya a dajin Amazon. Duk kampanin da ya kafa sai ya liƙa masa harafin X a ƙarshen suna, MMX, MPX, LLX, OGX, OSX, wai alamar ninki ce a lissafi, domin dukiya ta yi ta hayayyafa. Ya kuma yi wata dabara: ya ɗebo manyan masana ƙasa daga Petrobras da albashi mai tsoka, jama'a suka ce ai waɗannan su ne suka san inda man yake.

A watan Yuni na 2008 aka fitar da hannayen jarin OGX a kasuwar jari ta Sao Paulo. Aka tara real milyar 6 da milyan 700 na kuɗin ƙasar, wato kimanin dala milyar 4, kuɗin da ya zarce kasafin gomnatinmu na wannan shekarar nesa ba kusa ba. Ba a taɓa tara irinsa a wannan kasuwa ba kafin nan. To, alhazzai, ku riƙe wannan: ranar da aka tara kuɗin nan, OGX bai haƙa rijiya ko ɗaya ba. Sai a 2009 ya soma haƙa. Abin da mutane suka saya takardun izinin bincike ne, da sunayen masana, da bakin mai kampani. Wannan shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar. A sana'ar mai, kalmar «an gano» tana da hawa-hawa, kuma tsakanin hawa da hawa akwai shekaru da ɗimbin kuɗi. Akwai man da ake zato, wanda masana suka hango alamarsa da na'urar da ke aika ƙara cikin ƙasa ta dawo da hoton duwatsu, ba wanda ya taɓa shi. Akwai man da baƙin haƙa ya taɓa, an tabbata yana nan, amma ba a san ko zai fito da yawan da zai biya wahala ba. Sannan akwai wanda aka gwada, aka auna, aka lissafa kuɗin fitar da shi aka ga da riba. Na ƙarshen nan kaɗai ne dukiya. Duk wanda ya taɓa biyan magina rijiya ya san bambancin damshi da idon ruwa: ana iya tarar da laima a gaba goma, a yi murna, a ja guga ashirin rijiya ta ƙafe. Mai kuma ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa, yana maƙale ne cikin ƙananan ƙofofin dutse kamar ruwa cikin soso. In ƙofofin ba su haɗu da juna ba, ko man ya kai nawa, ba zai gudano zuwa bakin rijiya ba. Mu ma nan gida shaida ne: tun shekarun 1970 aka ga alamar mai a gabashin ƙasar nan, amma sai Nuwamba 2011 matatar Damagaram ta fara aiki da man Agadem.

OGX ya yi ta haƙa, yana ta fitar da sanarwa bayan sanarwa, kowace rijiya an ga alamar mai. Kowace sanarwa farashi ya ɗaga. A watan Oktoba na 2010 hannun jari guda ya haura real 23. A 2011 kampanin ya baza adadin ganga milyar 10 da milyan 800, amma in ka karanta rahoton da kyau, mafi yawansa na hawan farko ne da na biyu, wato zato da damshi. Ya kuma yi alkawarin fitar da ganga milyan 1 da dubu 400 kowace rana kafin ƙarshen 2019. Shi kuwa Batista yana kan Twitter dare da rana yana zuga masu saye, yana yi wa masu shakka dariya.

Yanzu ga ɓangaren jiragen ruwa, wanda a ganina ya fi na man ban tsoro. Man teku ba ya fitowa sai da jirage: akwai masu haƙa, akwai ƙananan da ke kai ma'aikata da abinci da bututu, akwai kuma wani ƙaton jirgi da ake girkewa bisa rijiya, ya tsotso man, ya raba shi da ruwa da iskar gas, ya adana shi har tanka ta zo ta ɗauka. Dokar Barazil ta tilasta a ƙera kaso mai yawa na kayan aikin a cikin gida. Sai Batista ya kafa OSX, domin ya ƙera jiragen ya ba OGX haya, ya kuma fitar da jarinsa kasuwa a watan Maris na 2010. Hujjar da aka ba masu saye ita ce OGX zai bukaci jirage da dandamali 48 cikin shekara 10. Aka soma gina makekiyar maƙerar jirage a tashar Açu tare da kampanin Hyundai na Koriya, bankunan gomnati suka zuba bashi.

Ku duba lissafin da idon ɗan kasuwa. Mutum ne ya ci bashi ya sayi manyan motoci 48 domin jigilar albasar manomi guda, albasar ko dashe ba a yi ba, kuma manomin da mai motocin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Darajar OSX tana rataye da alkawarin OGX, ita kuma cikar alkawarin OGX tana jiran jiragen OSX. Wanda ya raba kuɗinsa ya sayi jarin biyun yana ganin ya yi hankali, bai zuba ƙwansa a kwando ɗaya ba inji masu boko, alhali igiya guda ce ta ɗaure su, in ta tsinke duka su faɗi.

A ƙarshen Janairu na 2012 man farko ya fito daga filin Tubarão Azul ta jirgin OSX-1. A watan Maris mujallar Forbes ta sa Batista na 7 cikin attajiran duniya, da dala milyar 30, shi kuma yana faɗi a fili cewa zai ture Carlos Slim na Meziko daga na ɗaya. A watan Afrilu shugabar ƙasa Dilma Rousseff da kanta ta je Açu bikin man farko. Wata biyu bayan haka, ranar 26 ga Yuni, kampanin ya fitar da wata gajeriyar sanarwa: kowace rijiya ganga 5,000 za ta riƙa bayarwa a rana. An sa rai da ninki uku ko huɗu na wannan. Domin ku gane ƙanƙantarsa, kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na abin da aka gina matatar Damagaram ta tace a rana. Washegari jarin ya zube da kashi 25 cikin 100, jibi ya ƙara zubewa da kusan 20. Dutsen ne ya ƙi: man yana nan, amma a rarrabe cikin ƙananan ɗakuna, an ɗan ja sai ƙarfin turowa ya mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kai maganar gaban alƙali. A watan Oktoba na 2012 Batista ya yi alkawari a rubuce cewa in kampanin ya matsu zai zuba dala milyar 1 daga aljihunsa, ya sayi jari a kan real 6 da santabo 30. Mutane da yawa suka riƙe nasu, wasu ma suka ƙara saye saboda wannan alkawari. A watannin Mayu da Yuni na 2013 shi kuwa yana sayar da nasa. Ranar 1 ga Yuli kampanin ya amsa cewa filaye uku ba za su biya kuɗin haƙarsu ba, kuma Tubarão Azul ma na iya tsayawa a shekara mai zuwa. Da aka nemi ya cika alkawarin milyar ɗin a watan Satumba, bai biya ba. Ranar 1 ga Oktoba OGX ya kasa biyan kuɗin ruwa na dala milyan 45, ranar 30 ga wata ya kai kansa kotu a Rio da bashin real sama da milyar 11. Ba a yi mako biyu ba OSX ya bi sahu. Jarin da ya taɓa haura real 23 ya dawo ƙasa da santabo 20.

Kada wani ya ce talakawa ne marasa ilimi aka ruɗa. Cikin masu bin bashin akwai PIMCO da BlackRock, manyan gidajen jari na Amurka masu rundunar masana lissafi. Bambancin shi ne su sun zauna teburin sulhu sun karɓi kampanin a madadin bashinsu, domin a dokar karyewa mai bin bashi ke gaba, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi. Dubban ƙananan ma'aikata da ƴan tireda da suka zuba abin da suka tara don tsufa, takarda suka tashi da ita. Duk wannan fa ya faru gangar mai tana sama da dala 100, ba kasuwa ce ta faɗi ba.

Da kasuwar ta faɗi kuwa, daga dala 115 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, masu jiragen hidima ne suka fi jin jiki, har waɗanda ba ruwansu da ƙarya. Kampanin Bourbon na Faransa, mai jirage kusan 500, waɗanda da dama ke aiki a tekun Najeriya da Angola, ya ci bashi ya ƙera jirage lokacin tsada. Masu haƙa suka tsuke aljihu, jirage suka kwanta a tasha, bashi kuwa ba ya kwanciya. A 2019 ya shiga hannun kotun kasuwanci ta Marsai, a farkon 2020 bankunan da ke binsa suka karɓe shi.

Batista ya kwana wata 3 a kurkukun Bangu a 2017. A 2018 aka yanke masa shekara 30 a kan cin hancin dala milyan 16 da rabi da ya ba tsohon gwamnan Rio, Sérgio Cabral, a 2019 kuma hukumar sa ido a kan kasuwar jari ta ci shi tarar real milyan 536 saboda sayar da jarin OGX alhali ya san abin da sauran jama'a ba su sani ba. Amma adalci ne in faɗi cewa ba duka ne hayaƙi ba. Tashar Açu ta zama tashar jirage ta gaske a hannun wasu masu jari, filin Tubarão Martelo ya ba da mai, ragowar OGX kuma kampanin PRIO ya saye ta. Abin ya tsaya da ƙafarsa, sai dai ba waɗanda suka biya kuɗin ginin ne suka ci moriyarsa ba.

Irin wannan zazzaɓi ya sake tashi a tekun Namibiya bayan da Shell da TotalEnergies suka sanar da gano mai a 2022. A watan Afrilu na 2024 kampanin Galp na Fotugal ya ce filinsa na Mopane na iya ƙunsar ganga milyar 10, jarinsa ya tashi da kashi 20 cikin 100 a wuni guda. A watan Janairu na 2025 Shell ya shafe kimanin dala milyan 400 daga littafinsa a kan rijiyoyinsa na can, dalili kuwa shi ne dutsen ba ya sakin man yadda zai biya.

Wani Alhaji ya tsare ni a bakin ƙofa ɗazu yana tambaya ko kasuwar jari ta Abijan, wadda ƙasashenmu 8 suka yi tarayya a kanta tun 1998, ita ma haka take. Wannan zama ne na daban, kuma na yi masa alkawarin zuwa da takardu. Ranka ya daɗe shugaban zama, lokacin da aka ba ni ya cika, ga magana na mayar.