Wasan Cike Gurbin Kalmomi da Aikin Ofis



Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne wasan nan na jaridu wanda ake zana gurabe kamar na dara, a ba mutum 'yan tambayoyi, shi kuma ya cike guraben da haruffa, kalmomi na kwance su gitta na tsaye. Da yawa daga cikin manyanmu a ofis suna ɗaukarsa aikin malalaci, mu kuwa muna ganin ba su yi masa adalci ba.

Wani Baturen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ta ƙasar Amurka, ranar 21 ga Disamba, 1913. Manyan jaridu sun daɗe suna raina shi. Times ta Landan ba ta karɓe shi ba sai 1930, takwararta ta Amurka kuwa sai 1942.

To, a wannan shekara ta 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasa a ofishinta: wa zai iya cike wasan ranar cikin minti 12? Wanda ya riga kowa ajiye alƙalami bai ci ba, domin ya kuskure rubutun kalma ɗaya. Ba a jima ba wasu daga cikin gwanayen suka sami wasiƙa daga Ma'aikatar Yaƙi, aka ɗebi wasunsu aiki a Bletchley Park, inda ake warware saƙonnin asirin Jamus. Ashe hukuma ta lura cewa mai iya ƙyallaro kalma daga haruffa biyu ko uku, kuma bai gaji da kankarewa da sakewa ba, irinsa take nema.

Ba mu ce wasan zai mai da daƙiƙi haziƙi ba. Abin da yake koyarwa ɗan kaɗan ne, amma shi ne akawu ya fi bukata, wato tsoron harafi. A nan kowane harafi na mahaɗa bawan kalma biyu ne. In ka sa na kuskure a kwance, ta tsaye za ta tona maka asiri nan take. Takardar ofis kuwa ba ta da wannan kirki: sai ta wuce tebur uku ba wanda ya ankara, sannan wani tsoho ya yi wata shida yana zarya don an rubuta sunansa ba daidai ba a takardar fansho.

Sai dai manyan namu suna da tasu gaskiyar. Wanda ya ɓoye jarida ko waya cikin fayil alhali jama'a na jira a kan benci, satar lokaci yake yi. Kyawun wasan shi ne yana da iyaka: guda ɗaya a rana, a mota ko lokacin hutun azahar. Ko Wordle, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021, a kan haka aka gina shi: kalma ɗaya mai haruffa 5, gwaji 6, sai kuma gobe.

Saura tambayar da ta fi damunmu. Mu da muka tashi da kacici-kacici, me ya sa sai da Turanci muke wannan wasa? Hausa ta fi bukatarsa. Dubi yadda ake rubuta baƙi a matsayin baki, ko ƙafa a matsayin kafa. Gurbin wasa ba zai yafe ƙugiyar da aka bari ba. Kalmomi irin su gari, wanda ake zama cikinsa da wanda ake tuƙa tuwo da shi, kuwa kyauta ce ga mai shirya tambaya.

Amma kafin a zana gurbi na farko dole a yanke shawara a kan sh da ts da ky da ƙw: gurbi ɗaya za su ci ko biyu? Mutanen Wales suna sa ll da dd nasu a gurbi ɗaya. Ra'ayinmu shi ne sh da ts su ci gurbi ɗaya, tun da haka suke a jerin baƙaƙenmu, sauran kuwa mun bar wa malamanmu na Sashen Hausa da ke zaune a nan.